Malaman Gona, Ku Sa Wa Kowace Tambaya Ranarta

Ya ku malaman gona na Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi da Minjibir. Kun fi kowa sanin ƙasar da kuke yi wa hidima: gona na jingine da gona, babu saura, babu dajin da za a sara idan wannan ta gaji. Fili ɗaya ake nomawa kowace shekara, ana riƙe shi da takin gida, gero da dawa a sama, wake da gyaɗa a ƙarƙashi. Damina kuwa daga Yuni zuwa Satumba ce. Wanda ya makara da mako biyu a irin wannan ƙasa, sai baɗi.

Tun da aka kafa KNARDA, hukumar raya aikin gona da karkara ta Jihar Kano, a farkon shekarun 1980, an san malamin gona da babur da littafi a aljihu. Yau littafin ya fara komawa waya. Ana cike fom a KoboCollect ko da babu sabis, a tura idan an fito bakin titi, koke-koken manoma su taru a teburi ɗaya na Google Sheets ko Notion da duk abokan aiki ke buɗewa. Madalla. Amma idan layuka suka yi ɗaruruwa, wa ake fara zuwa wurinsa? Wanda ya fi yawan kira. Dattijon da ya faɗi damuwarsa sau ɗaya ya yi shiru don kunya, shi ne ke nutsewa a ƙasa. Wannan ba ya yi mini daɗi ko kaɗan, kuma maganinsa yana hannunku.

Ku buɗe gurbin kwanan wata na gaskiya a teburin nan, irin wanda kwamfuta ke ganewa, ba wanda kowa ke rubuta abin da ya ga dama ba. Manomi zai ce muku, “Malam, na yi shuka bayan Sallah da kwana uku.” Ku karɓa da girmamawa, sannan ku mayar da ita rana da wata da shekara nan take, domin Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, damina kuwa ba ta bin ta. Ku yarda a kan tsari ɗaya: rana kafin wata. Idan wani ya rubuta 6/7 yana nufin shida ga Yuli, wani ya karanta bakwai ga Yuni, an yi asarar wata guda a takarda kafin a yi ta a gona.

Daga ranar shuka ake lissafa ranar komawa: taki na farko wajen mako biyu, yuriya wajen mako na biyar zuwa na shida ga masara, feshin wake idan ya fara fure. Sai ku kafa matata ɗaya tak: a nuna duk wanda ranar komawarsa ta kai yau ko ta wuce, kuma ba a rufe maganarsa ba. Ku ɗaura ta a kan “yau”, kada ku buga wata rana da hannu, don gobe ta sabunta kanta. Layi ɗari huɗu sai su koma goma sha biyu, kuma sha biyun nan babur ɗaya ya ishe su. Wallahi ranar da kuka sallama a ƙofar mutumin da bai kira ku ba, kuka ce “Baba, yau ce ranar takinka,” za ku ga yadda fuska ke sakewa.

Shawara ma tana tsufa. Kafin 2016 babu malamin gona a Najeriya da ya san tsutsar nan mai cinye zuciyar masara, wadda ta ƙetaro daga nahiyar Amurka. A Disamban 2019 aka amince da waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, mai jure tsutsar kwanso, wanda feshi biyu ke isarsa a inda aka saba yin shida zuwa takwas. Shafin shawarar da aka rubuta kafin nan, idan sabon ma’aikaci ya karanta wa mai wannan iri, ya sa shi kashe kuɗin da ba dole ba. Don haka kowace shawara ta ɗauki ranar da aka duba ta ta ƙarshe, a kuma tace waɗanda suka haura shekara, a zauna a kansu da rani lokacin da aiki ya lafa.

Kada wani ya ce wannan sai ’yan boko na birni. Ku da kuke riƙe sunayen gonakin ƙauye goma a ka, danna maɓalli uku ba zai gagare ku ba. Wanda ya iya ya jawo abokin aikinsa ya nuna masa a wayarsa, wannan makon, kafin ruwan shuka ya sauka.