Adalcin Malami a Ɗakin Karatu

Masu hikima sun daɗe suna gardama a kan ma'anar adalci: shin a ba kowa daidai da ɗan'uwansa ne, ko kuwa a ba kowa gwargwadon bukatarsa? Wannan gardama ta fi tsanani a makarantar ƙauye, wadda ba ta da benci balle littafi, sai allo da guntun alli.

A ɗauki misalin ƙasar Jos, inda haƙar kuza ya tara kabilu. A ɗaki guda ga ɗan Birom, ga ɗan Bahaushe, ga ɗan Filani da ya baro shanu a ruga. Malam ya yi wa kowa bayani iri ɗaya da Hausa, yana ganin ya yi adalci. Alhali kuwa wanda aka yi wa magana da harshen uwarsa ya riga ya ci rabin tafiya tun 'yan'uwansa ba su tashi ba. In aka tambayi ɗan Filanin ya sunkuyar da kai, sai a ce daƙiƙi ne, ga shi kuwa ya san shanun ubansa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ce irin ta gidansu ta hana shi ɗaga ido a gaban babba.

Laifin bai tsaya kan malamin ba, ya kai ga waɗanda suka horar da shi. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta yaye gwanaye, amma 'yan kaɗan ne. Sa'ad da aka soma ilmin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu, aka yi ta yaye malamai da gaggawa. Tsara darasi da kiran rajista ba su da wuyar koyarwa. Sanin halin yaran mutane shi ne aka bari a baya.

Waɗansu za su ce mutum guda ba ya koyon harshe uku, kuma lokacin da ya ɓata wajen yaro ɗaya hakkin sauran ne ya ci. Lalle maganarsu da nauyi. Amma fa gaisuwa da ƙidaya zuwa goma ba su fi ƙarfin kowa ba, babban yaro kuma ya iya zama tafintan ƙanƙane, tsakuwa ta isa koyar da lissafi. Abin da ya fi cancanta shi ne a riƙa tura ɗalibin malanta gwajin koyarwa irin waɗannan makarantu, ya zauna a ƙauyen, ya je ya gai da iyayen yara a gidajensu, tun kafin a miƙa masa takardar shaida.