Yaye ba kunu: tallafin mai da haƙƙin talaka

Ranar 29 ga watan Mayu na 2023, cikin jawabinsa na kama mulki a Abuja, shugaba Bola Ahmed Tinubu ya shaida wa ƴan Nijeriya cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1000. Zafin bai tsaya a iyaka ba. A Maraɗi da Ƙonni da Magarya, inda shekara da shekaru kwalaben ruwa-ruwa ke jere a bakin hanya, ƴan kabu-kabu da masu injin ban-ruwa sun gane cewa rahusar da suka saba da ita daga baitulmalin maƙwabta take fitowa.

Masu goyon bayan wannan gyara suna yawan kwatanta shi da yaye. A cewarsu, jama'a ta daɗe tana shan nonon gwamnati har ta sangarce, lokaci ya yi da za ta tsaya da ƙafarta. Hujjojinsu kuma masu nauyi ne. A 2022 kaɗai, tallafin ya lashe naira tiriliyan 4 da ɗoriya, kuɗin da ya isa gina makarantu da asibitoci masu yawa. Mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyarsa nesa ba kusa ba. Wani kaso yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru. Wani kuma bai taɓa zama mai ba: binciken majalisar wakilai na 2012 ya gano an biya ƴan kasuwa maƙudan kuɗi kan man da ba a shigo da shi ba. Tsarin da ke ba mawadaci da ɓarawo kaso mafi tsoka da sunan taimakon talaka, da wuya mai adalci ya kare shi.

Sai dai kwatancen yaye yana ɗauke da tambayar da masu yin sa ba su cika tsayawa a kanta ba: wane ne jaririn? An tono mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Kafin ya mamaye komi, gwamnati da gumin manomi take rayuwa: gyaɗar da aka tara dala-dala a Kano, auduga, koko, ƙwarar manja, haraji da jangali. Mai mulki na bukatar talaka a lokacin, domin in gona ba ta yi ba baitulmali ya bushe. Bayan hauhawar farashin mai ta 1973, wannan igiya ta saki. Mai ya zama kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu daga waje, dalar gyaɗa ta ɓace, gwamnoni suka koma jiran kason wata-wata daga tarayya. Hukumar da ba ta ci daga hannun jama'a, ba ta jin dole ta yi musu bayani. In ana neman wanda ya fara kama nono ya ƙi saki, a duba fadar mulki tukuna.

Talaka kuwa, wanda ake kira ci-ma-zaune, shi ke haƙa rijiyarsa, ya sayi janareto saboda rashin lantarki, ya biya kuɗin makarantar ɗansa, ya sayi allura da auduga in an kwantar da matarsa. Rahusar mai ita ce kusan abu ɗaya da yake gani da idonsa daga arzikin da aka ce na kowa ne. Shi ya sa bai ɗauke ta sadaka ba, ya ɗauke ta rabonsa na gado. Lissafinsa na iya zama da kuskure, tunda rabon nasa kaɗan ne cikin abin da ake kashewa. Amma rashin yardarsa na da dalili. An sha ce masa ya ɗaure ciki yau don ya ƙoshi gobe, tun zamanin gyaran tattalin arziki na Babangida a 1986, goben kuma ba ta zo ba. A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, yajin aiki da zanga-zanga suka tilasta mata komawa 97. Mutanen da suka cika tituna a Kano da Legas ba jahilan lissafi ba ne; sun ƙi ba da tsabar da ke hannunsu a kan alkawarin wanda ya saba saɓawa.

A nan tambayar ta bar fagen tattalin arziki ta shiga na amana. Shin ya halatta a janye wani abu maras kyau alhali wanda ya dogara da shi bai da madadi? Uwa ba ta yaye ɗa sai ta dama kunu, ta ga ya fara karɓa. Akwai gwamnatocin da suka gane haka. A ƙarshen 2010 Iran ta zuba kuɗi cikin asusun iyalai tun kafin ta ƙara farashin mai, kowa ya ga nasa a rubuce, aka saki kuɗin lokacin da ƙarin ya fara aiki. Tsadar rayuwa ta cinye darajarsu daga baya, amma ranar farko ta wuce ba tarzoma. A Nijeriya ma, asusun PTF da aka kafa zamanin Abacha da rarar ƙarin kuɗin mai, wanda Muhammadu Buhari ya shugabanta, duk da ƙorafin da aka yi a kansa, har yau ana tuna hanyoyi da magungunan da suka zo da tambarinsa. Jama'a na iya haƙuri da tsada in ta ga inda kuɗinta ya shiga.

A 2023 an fara da janyewa, aka bar tanadi daga baya. Makonni kaɗan bayan haka aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta faɗi warwas, kuɗin mota da na hatsi suka tashi tare. Kason da jihohi ke karɓa ya ƙaru ƙwarai, amma magidancin da ya rage cin abinci daga sau uku zuwa sau biyu bai ga wannan ƙari a tukunyarsa ba. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 daga nan ta samo tushe. Gyara na iya zama daidai a lissafi, ya zama zalunci a yadda aka jera matakansa da kuma wanda aka ɗora wa nauyinsa. Shugaban da ya nemi talaka ya ɗaure ciki, ayarin motocinsa kuma bai ragu ba, ya zubar da hujjarsa da hannunsa.

Ga Nijar, gemun maƙwabci ne ya kama wuta. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20 000 a yini, kuma a 2024 ɗanyen man Agadem ya fara fita ta bututun da ya kai gaɓar teku a Benin. Ƙarancin man da ya sa layuka a gidajen mai na Yamai da sauran birane a Maris na 2025 ya nuna yadda kasuwar ƙasar ta daɗe tana jingine da rahusar wata ƙasa ba tare da an lissafa ba. Ƙasar ta riga ta ɗanɗana irin wannan da uraniyom, wanda ya cika baitulmali a shekarun 1970 ya kuma faɗi a farkon 1980. Abin da ya rage mata shi ne ta zaɓi siffar da rabon talaka zai ɗauka tun kuɗin mai bai zama jaraba ba. In an ba shi rabonsa a farashin lita, ranar janyewa za ta zo da irin wannan kuka. In an ba shi a aji mai malami, da asibiti mai magani, da rijiyar da ba ta ƙafewa, da kasafin da kowa zai iya karantawa, ya samu abin da faɗuwar farashin ganga ba ta ƙwace masa dare ɗaya.