Shaidar Wata Ɗaya

A Amurka akwai wasu bayin Allah, magidanta da aikinsu da iyalinsu, waɗanda in dare ya yi yara sun kwanta sai su kunna kwamfuta su buɗe abu biyu gefe da gefe. Na hagu wasan besbol ne, na dama kuma Excel ko Google Sheets. A hagu mutum manajan ƙungiya ne, shi ke sayen 'yan wasa, shi ke sallama, shi ke zaɓen wanda zai fara da wanda zai ɗumama benci. A dama kuwa akawu ne, yana kwafe sakamakon kowane wasa layi bayan layi. Ba wanda ya ɗora masa aikin, ba mai ba shi ko sisi, kuma 'yan wasan da yake yi wa wannan hidima lambobi ne kawai a cikin na'ura. Wanda ya leƙa zai ce rashin aikin yi ne. Ni kuwa ina ganin akawun nan yana koyon abin da manya da yawa suke tsufa ba su koya ba.

Sai an ɗan san wasan kafin a ga dalili. Besbol ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne, inda mutum 22 ke kai-komo ba tsayawa. Nan mutum biyu ne ke fuskantar juna: mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da kulki. In ya buga ta faɗi inda ba a cafe ba, ya ruga ya taka tashar farko kafin ƙwallon ta riga shi, an rubuta masa ya dace. In ya kasa, ya fita, na bayansa ya shigo. Wanda ya zagaye tashoshin ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Kowace arangama tana da farko tana da ƙarshe, layi guda ya ishe ta. Shi ya sa tun wajajen 1859 wani ɗan jarida haifaffen Ingila, Henry Chadwick, ya fara buga jadawalin sakamakon wasa a wata jaridar birnin New York, kuma daga nan Amurkawa ba su ƙara ajiye alƙalami ba. Babbar gasarsu, MLB, ƙungiyoyi 30 ne, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Mai bugun da ba ya fashi zai tsaya gaban mai jifa sau 600 ko fiye a kaka ɗaya. Wanda ya dace sau 3 cikin 10, wato .300 yadda suke rubutawa, gwani ne, sauran 7 ɗin ba a riƙe shi da su.

Wasannin kwamfutar iri-iri ne. Akwai MLB The Show na kamfanin Sony, inda mutum ke yin bugun da yatsunsa. Akwai kuma Out of the Park Baseball, wanda wani Bajamushe, Markus Heinsohn, ya fitar a 1999. Shi wannan ba saurin hannu yake nema ba, shawara yake nema, kuma yana barin mutum ya kwashe duk alƙaluman ya zuba su a Excel. A nan masu jadawali suke baje kolinsu. Kowane ɗan wasa da layinsa: suna, shekaru, inda yake tsaro a fili, albashi, shekarun da suka rage a kwantiragi. Sai kuma sau nawa ya tsaya, sau nawa ya dace, sau nawa aka fitar da shi ko taɓa ƙwallon bai yi ba, sau nawa ya yi haƙuri mai jifa ya yi ta kauce hanya har aka ba shi tashar farko kyauta. An saita jadawalin yadda lambar da ta yi kyau za ta zama koriya, wadda ta lalace ta yi ja.

To, a ce Afrilu ta ƙare. Wani matashi da aka ɗauko a arha ya dace sau 34 cikin 100, layinsa kore shar. Wani kuma da aka zuba kuɗi aka sayo ya tsaya a 19, layinsa ja wur. Nan take zuciya ta yanke hukunci: a ɗaure yaron nan da kwantiragin shekara biyar tun bai yi tsada ba, wancan kuma a nemi mai saye ko da faɗuwa. Har hali mutum zai fara ba su. Wannan mai zuciya ne, wancan ya ci kuɗi ya miƙe ƙafa. Wanda ya danne zuciyarsa ya ci gaba da cika layuka, sau da yawa kafin Agusta sai ya ga koren ya dusashe, jan ma ya dusashe, mutanen biyu sun haɗu a wajajen .270, kamar ba su ne suka yi hannun riga a Afrilu ba.

Abin da ya sa wasan kwamfuta ya fi filin gaske iya koyar da wannan darasi shi ne, a wasan an san gaskiyar ɗan wasa. Kakan waɗannan wasanni na tebur ne, irin su Strat-O-Matic, wanda Hal Richman ya fara sayarwa a 1961. Kowane ɗan wasa da katinsa a buge, sai a jefa 'ya'yan ludo uku. Ɗaya ya nuna layin da za a duba, in 1 zuwa 3 ne a katin mai bugu, in 4 zuwa 6 ne a katin mai jifa, sauran biyun a haɗa su su nuna sakamako. Katin nan yadda aka buga shi haka yake, bai ƙaru ba bai ragu ba. Bai yi faɗa da matarsa ba, bai kwana da zazzaɓi ba, ba a yi masa baki ba, ba a kai sunansa wurin kowa ba. Duk da haka zai yi wata guda yana ta dacewa kamar an buɗe masa ƙofa, ya yi wani watan kamar an ɗaure masa hannu. Kwamfuta ma abin da take yi ke nan a ɓoye, sai dai masu haɗa wasan sun ƙara mata gajiya da rauni da tsufa.

Lissafin ba shi da wuya. Mutumin da ainihin ƙarfinsa .270 ne, in an ba shi dama 100 ana sa ran 27, amma ya samu 22 ko 32 ba labari ba ne. Ƙungiya tana da masu bugu 9, kaka kuma wata 6, watanni 54 ke nan ana jefa 'ya'yan ludo. Ko da dukansu ƙarfinsu ɗaya ne cif, za a samu kamar wata huɗu da wani ya kai 34, da kamar biyu da wani ya gangara 19. Ba wanda ya ƙara ƙwazo, ba wanda ya yi sakaci. Sai an tara dama 500 ko 600 sannan lilon ya ragu, a fara ganin mutum kusa da yadda yake.

A filin gaske ma an sha gani. A Afrilun 2006 Chris Shelton na Detroit ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 9 a wasanni 13 na farko, ko'ina zancensa ake. Kafin Yuli ta fita an mayar da shi ƙaramar ƙungiya. Shekarar da ta biyo, Dustin Pedroia na Boston, ɗan gajere sabon shiga, ya gama Afrilu a .182, 'yan kallo suna ta cewa a cire shi. Kocinsa Terry Francona ya toshe kunne. Pedroia ya gama kakar a .317, aka ba shi kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa, Boston kuma ta ɗauki kofi a shekarar.

Wani zai ce ai ba sai an yi jadawali ba, mai ido zai gani. Ido ne kuwa ya fi yaudara. Ɗauki dama 550: mai .300 ya dace sau 165, mai .270 kamar sau 149. Bambancin 16 ne a mako 26, ko bugu ɗaya a mako bai kai ba, alhali a albashi tazarar tana iya zama miliyoyin daloli. Bill James, wanda ya fara wannan bin diddigi yana gadin dare a wata masana'antar wake na gwangwani a Kansas, ya fitar da littafinsa na farko a 1977, ya daɗe yana nanata cewa irin wannan bambanci ba a ganinsa da kallo, sai an rubuta. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye talakan rana. Tana riƙe bugun da ya ceci wasa a zagayen ƙarshe, da kuskuren da aka yi ranar da mutum ya gayyato abokai kallo. Ranakun da ba a yi tafi ba, ba a yi tsaki ba, waɗanda su ne suka fi yawa, jadawali ne kaɗai ke tuna su.

Mu kuma haka muke auna mutane, da shaidar wata ɗaya. Yaron shago ya zo, aka yi sa'a watan ciniki ya buɗe, shi ke nan mai farar ƙafa ne, a ba shi makulli. Wani ya zo a watan da kasuwa ta yi sanyi, an ce tun da ya zo ba a ga alheri ba. Muna ma da karin maganar da muke kafa hujja da ita, wai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Jadawalin bai ƙaryata karin maganar gaba ɗaya ba, kuma nan ne wurin da ya fi ba ni sha'awa. Cewa ya yi Laraba tana nuna wasu abubuwa, wasu kuma ba ta nuna su. Masu nazarin alƙaluman besbol sun gano cewa yawan yadda ake fitar da mai bugu bai taɓa ƙwallo ba, da yawan yadda yake haƙuri har a ba shi tasha kyauta, suna bayyana da wuri, cikin 'yan makonni, don waɗannan daga idonsa da hannunsa suke. Amma ko ƙwallon da ya buga za ta faɗi a fili ko ta faɗa hannun mai tsaro, wannan sai an daɗe ana tarawa, don taku biyu hagu ko dama na mai tsaron ya isa ya mai da gwaninta asara. A 2001 wani mai suna Voros McCracken ya tayar da ƙura da ya nuna cewa mai jifa ba shi da iko sosai a kan abin da ke faruwa bayan an buga ƙwallonsa cikin fili. Aka yi ta musu, daga baya Boston ta ɗauke shi aiki. Saboda haka akawun da ya ƙware, in ya ga layi ja a Afrilu, ba launin yake kallo ba. Zai matsa gefe ya duba: mutumin nan yana kai wa ƙwallon banza duka ne, ko kuwa yana bugawa da kyau ana cafewa? In na biyun ne, sai ya bar shi a inda yake. In na farkon ne, haƙuri ba zai gyara ba. Kore ma haka yake bincikarsa, don akwai koren da ba komai a ƙarƙashinsa sai ƙwallayen da suka yi ta sulalewa tsakanin ƙafafun masu tsaro.

Yaron shagon ma yana da nasa layukan da ke bayyana da wuri. Ƙarfe nawa yake buɗewa, canji yana cika ko ba ya cika, yaya yake amsa wa wanda ya taya ya tafi bai saya ba. Mako biyu sun isa a san waɗannan. Yawan cinikin wata kuwa akwai farashin kaya a ciki, akwai ruwan sama, akwai ko an biya albashi. Mu kan bar abin da ke hannun mutum mu kama shi da abin da ba ya hannunsa, don shi ne mai saurin gani, kuma shi ne ya taɓa aljihunmu.

Ba wai jadawali yana raba mutum da yanke hukunci ba ne. A wajajen ƙarshen Yuli ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa, a gasar gaske da ta kwamfuta duka, ko alƙaluma sun nuna ko ba su nuna ba dole a ce a sayar ko a riƙe. Sannan bayan wasa 162 sai a zo zagayen kofi, inda ake raba gardama da wasa uku, biyar ko bakwai, wato a koma ga shaidar da ba ta kai ko ta wata ɗaya ba. Ƙungiyar Oakland ta babban manaja Billy Beane, wadda Michael Lewis ya rubuta littafin Moneyball a kanta, ta ci wasa 103 a 2002 da kuɗin da bai kai rabin na ƙungiyar Yankees ba, har da 20 a jere, sannan Minnesota ta fitar da ita a wasa biyar. St. Louis kuwa wasa 83 kacal ta ci a 2006, ta ɗauki kofi.

Mai wasan kwamfuta yana da wata ƙofa da Beane ba shi da ita. In ƙungiyarsa ta sha kashi a wasa na biyar, yana iya komawa inda ya ajiye wasan jiya ya sake bugawa, sau nawa ya ga dama, har 'ya'yan ludon su faɗi yadda yake so, kuma ba wanda zai sani. Wanda ya yi haka ya sami kofi, sai dai jadawalinsa ya daina gaya masa komai game da ƙungiyarsa, tun da ya tsince duk sakamakon da bai yi masa daɗi ba. Wanda bai yi ba zai rubuta an ci shi 3 da 2, ya buɗe sabon shafi, ya jera waɗanda kwantiraginsu ya ƙare, ya fara duba wa zai riƙe kuma nawa zai iya biya.