Motar Jiya Ce, Ko Mai Kama da Ita?

Saurayin da ya gaji tsohuwar Peugeot 504 daga mahaifinsa, ya ƙudura niyyar tada ita, yakan zaci wuyar aikin tana cikin injin. Ba can take ba. Injin abu ne da ake kwancewa a mayar. Gangar jiki ita ce ke tsayar da mutum, domin tsatsa tana cin ƙarfe daga ciki, a ƙasan ƙofofi da daɓen mota, inda ruwa ke kwanciya. Wannan mota ta fito a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta daɗe tana haɗa ta bayan Turawa sun daina yayinta. Ta yi jigilar matafiya tsakanin Maraɗi da Damagaram shekara da shekaru, shi ya sa da wuya a samu wadda ba ta sha faci ba.

A nan wata tsohuwar tambaya take tasowa. Plutarque ya ba da labarin jirgin ruwan Thésée, wanda mutanen Atina suka adana, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana suka yi saɓani: jirgin nan shi ne na dā, ko wani ne? A 1655 Thomas Hobbes ya ƙara ɗaure kan zancen: in wani ya tattara tsofaffin katakan ya haɗa jirgi da su, wanne ne na ainihi? Hukuma ta huta da wannan gardama, lambar da aka buga a jikin mota ta ishe ta. Mai gyara kuwa ba ta ishe shi ba, domin shi ne zai yanke.

Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko, ya yanke ruɓaɓɓen wuri har sai ya tarar da lafiyayyen ƙarfe, ya auna faci, ya lanƙwasa shi da guduma, ya yi walda. Ƙarfen jikin mota bai cika wuce milimita 1 ba, zafi kaɗan ke murɗe shi, don haka ɗigo-ɗigo ake yi, nesa da juna, ana barinsa ya huce. Ɗan koyo zai ɓata guntaye da yawa kafin hannunsa ya faɗa, kuma gara ya ɓata su a kan ƙofar da aka yar. Ta biyu, ya cike ramin da mastik, ya goge, ya fesa fenti. Kwana biyu sun isa, kuma ido ba zai gane ba.

Abin lura, hanya ta biyu ce ta fi barin tsohon ƙarfe a wurinsa, amma ita ce ta fi ɓata motar. Wanda ya yanke ya zubar da wani abu na motar mahaifinsa, sai dai ya mayar mata da abin da aka ƙera ta dominsa, wato ɗaukar mutane lafiya. Wanda ya shafe ya riƙe kamanni, ya bar tsatsa tana aikinta a ɓoye, ranar da ya sayar kuma ya miƙa ruɓar ga wanda ya amince da shi. Mastik kansa ba shi da laifi; siririn shafi a kan ƙarfe mai lafiya aiki ne na ƙwarai. Masu saye da suka san hannunsu sukan zo da ɗan maganaɗisu a aljihu, su bi jikin motar da shi, inda mastik ya yi kauri sai ya ƙi kamawa.