Jan Kunne ga 'Yan Kabu-kabun Ƙofar Rini

'Ya'yana masu kabu-kabu na Ƙofar Rini, ba ni da ja a kan sana'arku. Da ita kuke ciyar da iyaye, da ita wasunku suka yi aure, mu tsofaffi kuma ku ne ƙafafunmu in za mu kasuwa ko asibiti. Abin da ke damuna shi ne kan nan da kuke yawo da shi a buɗe, da yadda kuke cicciɓar ɗan'uwanku idan ya faɗi.

Duk wanda ya taɓa fasa kan rago da Layya ya ga ƙwaƙwalwa, ya san yatsa ma yana lotsa ta. Ta mutum haka take da laushi. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a cikinta. Allah Ya naɗe ta da fatu 3, Ya zaunar da ita cikin wani ruwa garai-garai, sannan Ya rufe da ƙoƙon kai. Wannan ya ishi mai tafiya a ƙasa idan ya yi tuntuɓe. Wanda babur ya wurgar kuwa, kansa na bugun kwalta ƙashi zai tsaya cak, ita ƙwaƙwalwar ta wuce ta bugi bangon ciki, ta dawo ta bugi ɗaya gefen.

Kowane sashe nata da aikinsa. Ido yana gaba, amma wurin da ake fassara abin da ya gani yana can ƙeya, shi ya sa mutum kan bugu a ƙeya ganinsa ya samu matsala alhali idanunsa lafiya lau. Jijiyoyin jin ƙamshi sirara ne ƙwarai, ta wasu 'yan ƙofofi a ƙashin saman hanci suke shiga kai, girgiza ɗaya kan tsinka su, mutum ya tashi ba ya jin ƙamshin turare, abinci ma ya zame masa salam. Cikin ƙashin da ke bayan kunne akwai ma'ajiyar ji da abin da ke daidaita tsayuwar mutum. Idan ƙashin ya tsage, ga kurumta ga jiri. Goshi kuwa nan ne mazaunin tunani da kamun kai. Akwai magidantan da suka warke daga rauni a goshi, amma iyalinsu suka ce ba shi ne mutumin da suka sani ba, sai faɗa da mantuwa. Wani lokaci a ce aljanu ne ko sammu, alhali ciwon tun ranar haɗari yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya faɗi, ya suma kaɗan, ya farfaɗo ya kakkaɓe riga ya ce ba komai. Tsakanin ido da kunne ƙashin kai ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsage, jini yana taruwa a hankali cikin ƙoƙon da ba shi da wurin buɗawa, yana danne ƙwaƙwalwa. Mutum yana hira da ku da azahar, kafin isha'i an kasa tashinsa. Don haka wanda ya bugu a kai, in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barci na fizgarsa, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ba mai kemis za a kai wa ba. A garin nan na Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, wadda Farfesa Bello Bala Shehu ya yi tsayin daka wajen kafa ta, har daga wasu jihohi ake kawo mata marasa lafiya. Abin kunya ne a ce na nesa ya iso, ɗan Ƙofar Rini yana kwance a ɗaki ana jiran gari ya waye.

Sai maganar wuya. Laka ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi cikin ƙashin baya, tsawonta kimanin santimita 45, jijiyoyi 31 na fita daga kowane gefenta zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara da sauran jiki. Ƙasusuwan wuya 7 ne, kuma saƙon da ke motsa numfashi daga wajen na uku zuwa na biyar yake fita. Jijiyar hannu idan ta yanke aka ɗinke, takan tofo, kamar milimita 1 a rana. Laka ba ta tofowa. Maɗori gwani ne a karayar ƙafa, ina girmama shi, amma wannan ya fi ƙarfinsa.

Na san tausayi ne ke sa ku rugawa, wani ya kama hannu, wani ƙafa, kai yana reto, a ɗora mutum a babur tsakanin mutum biyu. Sai dai sau da yawa ƙashin wuya ya karye lakar ba ta taɓu ba, cicciɓar nan ce ke ƙarasa ta. Ku tsare hanya kada wata mota ta hau shi. Mutum ɗaya ya riƙe kansa da hannu biyu, kada ya juya. Kada a zaunar da shi, kada a ba shi ruwa. A samo ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi gaba ɗaya, kai da gangar jiki a saiti, a sa shi a mota. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Da aka tsananta dokar hular kwano a watan Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a kai don su wuce jami'ai. Uzurin zafi na yarda da shi, kowa ya san bazarar Sakkwato. Amma bincike ya nuna hular tana rage raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, tana rage mutuwa da kimanin kashi 40, in an ɗaure maɗaurinta. Masu cewa ƙaddara ba ta da makawa, gaskiya suka faɗa, sai dai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da sulke da kwalkwali ya fita yaƙin Uhudu, kuma ba wanda ya kai shi tawakkali.

Shugabannin tasha, ku nake roƙo. Ku yi adashen hula yadda kuke yin na biki, ku gayyato ma'aikacin lafiya ya koya wa yaranku ɗaukar wanda ya faɗi, kuma wanda ya zo ba hula kada ku ba shi layi.