Shin Ajiye Waya Rashin Tausayi Ne?



Da yawanmu a nan Maiduguri iyayenmu da danginmu suna Kano, Katsina, Sakkwato ko Damagaram. Waya ce igiyar zumuncinmu, kuma ba mu manta 2013 ba, lokacin dokar ta-ɓaci, da aka katse layukan waya makonni, mutum bai san halin da mahaifiyarsa take ciki ba. Shi ya sa idan aka ce wa ɗan kasuwa ya huta da WhatsApp ko Facebook, sai ya ce: "To idan wani abu ya faru a gida fa?"

Tambayar gaskiya ce. Amma sanin halin ɗan uwa daban, kallon bala'i daban. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024, waya ta yi rana: da ita aka gano waɗanda ruwa ya tare, da ita aka haɗa taimako. Bayan ruwan ya janye kuma, bidiyon gawarwaki da rusassun gidaje suka ci gaba da yawo. Wa wannan ya amfana? Mutumin da ya tsira daga hari, ko shagonsa ya ƙone a gobarar Monday Market ta 2023, duk bidiyon da ka tura masa fami ne. Daga nan sai rashin barci, faɗuwar gaba, da saurin fushi a kan iyali.

Tausayi na gaske yana kai mutum ga aiki: ya kira, ya ziyarta, ya aika da mudun hatsi, ya yi addu'a. Kallon da ba ya haifar da komai sai nauyin ƙirji, ba haƙƙin kowa kake saukewa da shi ba. Zuciyarka ma amana ce, za a tambaye ka.

Don haka mu gwada: daga Isha zuwa Asuba a kashe data, a bar layi buɗe. Mai larura zai kira. Kafin ka tura hoto, tambayi kanka: da ɗana ne a ciki, zan so a yaɗa? Wanda damuwa ta hana shi barci ko ciniki, ya je asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke titin Baga; neman magani ba abin kunya ba ne.

Allah Ya ba mu natsuwa, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci