Kada Siyasar Ɗanka Ta Sa Ka Kafirta Shi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, makon jiya bayan sallar isha'i wani dattijo daga cikinmu, mutumin Kafanchan, ya ja ni gefe ransa a ɓace. Ya ce, “Malam, yaron nan ya lalace. Tunda ya shiga jami'a ba ya da zance sai 'yancin mata da 'yancin faɗar albarkacin baki. Na ce masa in dai ya bi mulhidai, to ba ni ba shi.” Na ce, “Baba, yana sallah?” Ya ce yana yi. “Azumi fa?” Ya ce bai taɓa sha ba. To, a kan wannan nake so mu yi nasiha yau.

Mu fara da gaskiya. A nan Ingila, haka ma a Amurka, mafi yawan waɗanda suka ce babu Allah suna karkata ne ga jam'iyyu masu sassaucin ra'ayi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a tarihin Turai coci da sarauta sun daɗe suna tafiya tare, sai wanda ya yi wa coci tawaye ya haɗa da masu mulki. Kuma mulhidanci ba a Turai ya tsaya ba. Mun ji labarin Mubarak Bala, wanda aka kama a Kaduna a 2020, kotu a Kano ta yanke masa shekara 24 a 2022, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar. Saboda haka tsoron iyaye yana da tushe.

Amma fa, don mulhidi ya shiga mota, ba kowane fasinja ne mulhidi ba. Mu nan, wa muke jefa wa ƙuri'a? Da yawanmu ai jam'iyyar Leba muka daɗe muna zaɓa, don muna ganin ta fi sassauta wa baƙi. Mun bar sallah ne?

Ku tuna da gida. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano a 1950, an riƙa yi wa 'yan Sawaba kallon marasa tarbiyya masu raina addini, don sun ƙi zaluncin haraji da na 'yan doka. Alhali Malam Aminu Kano malami ne mai tafsirin Alƙur'ani, kuma da hujjar addini yake kare talaka da karatun 'ya mace. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kan wannan hanya. Alhaji Balarabe Musa, gwamnanmu na Kaduna daga 1979 zuwa 1981, ɗan gurguzu ake ce masa, kuma Musulmi ya rayu, Musulmi ya koma ga Allah.

Mu mutanen kudancin Kaduna mun fi kowa sanin abin da harshe ke haifarwa. Rikicin watan Maris na 1987 a kan magana ya fara, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 2011 bayan zaɓe, kasuwar Kafanchan ta ƙone, an rasa rayuka a Zonkwa. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, mai ba kowa 'yancin addini, shi ne ke kare masallaci a inda muke 'yan kaɗan, yake kare coci a inda su ne 'yan kaɗan. Yaron da ya kare wannan sashe bai fita Musulunci ba.

Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya gargaɗe mu cewa kalmar kafirci in an jefi ɗan'uwa da ita, sai ta faɗa kan ɗaya daga cikin biyun. Kuma ya yi wa Usama ɗan Zaidu faɗa mai tsanani da ya yanke hukunci a kan abin da ke zuciyar mutumin da ya furta shahada.

Ku kuma samari, ku ji naku. Ba duk abin da jam'iyya ta ɗauko ne za ku haɗiye ba. In ta kira adalci, ku bi. In ta halatta abin da Allah Ya haramta, ku ce a'a, ko da abokai za su yi muku dariya. In shakka ta shiga zuciya, ku kawo ta masallaci. Tambaya ba ridda ba ce.

Iyaye, ku zauna da su, ku ci tuwo tare, ku saurara kafin ku yi hukunci. Yaron da aka kora daga gida, wasu ne za su buɗe masa ƙofa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da Kafanchan da Najeriya lafiya, Ya sa mu cika da imani. Amin. Juma'a mai albarka.